KUNYAR HOCE: KIRA GA 'YAN BOKON ZAMFARA

Ina roƙon Edita ya ba ni fili a wannan mujalla tamu domin in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ta abinci ce, kuma na san tun daga jin haka wasu za su taɓe baki su ce mujallar adabi ba wurin zancen ciki ba ne. To, su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, domin wanda bai san abin da mutane ke ci ba, bai gama sanin harshen da suke magana da shi ba. Abin da nake son in faɗa shi ne: hoce, abincin da aka san Zamfarawa da shi, ba shi da wani gida tsayayye da za a nuna wa baƙo a garuruwanmu, kuma babban dalilin haka shi ne kunyar da mu 'yan bokon yankin muke ji a kansa.

Duk garin da ya amsa sunansa yana da abincin da aka san shi da shi, yana kuma da wurin da ake zuwa a ci wannan abinci. Wanda ya je Kano ya ce yana son gurasa, ba a yi masa dogon kwatance, sai a tura shi wajen Jakara, kuma har unguwa guda ke akwai a cikin birni mai suna Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Wanda ya ratsa Bauci bai ɗanɗani masa ba, in ya koma gida sai a ce bai je ba. Bakano ba ya sunkuyar da kai in an ambaci gurasa, haka mutumin Bauci ba ya canza zance in an ambaci masa. Amma ka tari ɗan bokon Kaura Namoda ko na Shinkafi ko na Zurmi a cikin jama'a ka ce masa, "Malam, ina labarin hoce?" Nan take za ka ga ya yi yaƙe, ya ce ai shi rabonsa da hoce tun yana yaro, ko ma ya rantse cewa a gidansu ba a yi. Mu mutanen Ɗan Isa mun san gidajen juna, mun kuma san wannan rantsuwa ba ta da tushe.

Saboda 'yan'uwanmu na Kano da Zariya da Katsina waɗanda jin sunan kawai suke yi, bari in ɗan bayyana abin da ake nufi da hoce. Dawa ce ake gyarawa a niƙa, a kwaɓa garin, a bar shi ya ɗan yi tsami, sa'an nan a faffaɗa shi a gasa a tukunya ko kasko mai zafi har ya yi ɓawo a waje. Kowace mace da irin hannunta, kowane gari da ɗan bambancinsa. Ana iya gutsurarsa a ci haka nan a kora da ruwa, ana iya haɗa shi da miya, amma inda ya fi fito da martabarsa shi ne in an marmashe shi an zuba garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa da yaji da ɗan gishiri, wato abin da mu muke kira datu, mutanen gabas kuma su ce kwaɗo. Ba ya bukatar firiji, ba ya bukatar cokali, yana kwana da kwanaki a cikin jakar matafiyi bai lalace ba, kuma wanda ya ci shi da hantsi zai iya yin noma har azahar bai nemi wani abu ba sai ruwa. Wannan shi ya sa ya zama guzurin manomi da bafatake da almajiri. Mutanen da suka ƙago irin wannan abinci a ƙasa mai zafi irin tamu, masu hikima ne, ko da kuwa ba su taɓa shiga aji ba.

Kada wani ya ce ai garuruwanmu ƙauyuka ne, ba su kai a yi musu zancen gidan abinci ba. Tun a 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya iso Kaura Namoda, kuma a nan ya tsaya, Kaura ta zama ƙarshen layi. Gyaɗa da auduga da fatu na ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Isa da sauransu a nan ake tara su kafin jirgi ya kwasa zuwa kudu. Duk kuwa inda aka ce tasha, an ce 'yan dako da masu awo da direbobi da baƙi daga nesa, duk inda waɗannan suka taru kuwa dole a sami rumfar mai abinci. Abin sha'awa ma shi ne, gyaɗar nan da Turawa suka shimfiɗo dogo dominta, ita ce iyayenmu mata ke matsewa su fitar da mai, su soya ƙuli, su haɗa da hoce. Wato dawa daga gona, gyaɗa daga gona, albasa daga fadama, babu abu ɗaya a cikin kwanon da ya haye teku. Yau hada-hadar jirgin ta mutu, dogo ya yi tsatsa, amma Kaura tana nan da tashar mota da kasuwa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 1983, mai tara ɗalibai daga ko'ina a Nijeriya. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kuwa sunanta ya kai har Jamhuriyar Nijar. Ashe mutane ba su yi ƙaranci ba, masu jin yunwa ma ba su yi ƙaranci ba.

Ya kamata mu fahimci abin da rumfar mai abinci take nufi a gari irin namu, domin aikinta ya wuce cika ciki. A kan bencin nan guda ɗan dako da malamin makaranta da ɗan kamasho ke zama kafaɗa da kafaɗa. A nan ake jin farashin buhu, a nan ake jin wanda ya rasu da wanda ya yi aure, a nan direba ke barin saƙo a karɓa. Mai rumfar ta san wanda ba shi da ko sisi yau, ta zuba masa ta ce ya kawo ran kasuwa, ba takarda ba sa hannu. Da ribar wannan rumfa take yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da ita take sayen littafi da sabulu ga ɗanta da ke makarantar kwana. Da yawa daga cikinmu da ke zaune a ɗakin lacca yau, kuɗin hoce da ƙuli da fura ne suka kawo mu. Amma da zarar mun sami takardar shaida, sai mu fara ratse rumfar, mu nufi inda aka rubuta suna da Turanci a allo, a kawo mana shinkafa 'yar waje da lemon kwalba, mu biya ninki uku, mu fito muna sakace. Ita kuwa mai hoce tana nan a gindin bango da faranti, rana ta doke ta, ruwa ya doke ta, ran da aka tashi gyaran titi ita ce farkon wadda za a kora.

Masu ƙyamar hoce suna da hujjoji uku da suke maimaitawa, kuma zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko, wai hoce abincin talauci ne, abin da ake ci in babu. To, sai me? Yawancin abincin da duniya ke alfahari da shi yau daga tukunyar talaka ya fito. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya kuskus cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, bisa roƙon Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Muritaniya. A 2021 ta sanya dafa-dukar shinkafa da kifi ta mutanen Senegal, wadda asalinta abincin masunta ne na birnin Sanluwi. A 2022 Faransa, duk da arzikinta, ta kai dogon burodinta aka rubuta. A 2024 kuma aka sanya aceke na ƙasar Kodebuwa, wanda ba kome ba ne illa rogo da aka gurza aka bari ya yi tsami aka turara. Rogo fa, jama'a! Ministocin waɗannan ƙasashe ba su ji kunyar tsayawa a gaban duniya su yi wa abincin kakanninsu kirari ba. Mu kuwa a ɗakin kwanan ɗalibai ma ɓoye ƙullin hoce ake yi a ƙasan akwati, sai dare ya raba a fito da shi.

Hujja ta biyu, wai babu tsafta. A nan ba zan yi gardamar banza ba, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Gaskiya ne akwai ƙuda a kasuwa, akwai ƙura, akwai faranti a buɗe. Amma wa ya ajiye mai hoce a bakin kwata? Wa ya hana ta rumfa mai ƙofa da famfo? Ƙananan hukumominmu suna karɓar kuɗin rasit a hannunta duk ranar kasuwa, ba su taɓa kafa mata ko randa ba. Ƙazantar wuri laifin masu kula da wuri ne, ba ta shafi dawa ba. In aka ɗauki wannan burodi da ake ɗaukaka aka ajiye shi tsirara a bakin kwata, shi ma ƙudan ba za su gaishe shi su wuce ba. Maganin ƙazanta shi ne ruwa da sabulu da murfi, kuma duk cikinsu babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Hujja ta uku ita ce wadda 'yan boko suka fi so, wai zamani ya canza, in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake. To, bari mu duba wannan kiɗa mu ga wa ke kaɗa shi. Burodi da taliyar leda irin su Indomie da suka mamaye teburin mai shayi daga Gusau har Zurmi, duk da alkama ake yin su, kuma mafi yawan alkamar da Nijeriya ke ci daga waje ake sayo ta da kuɗin ƙetare. Ba yau aka gano wannan haɗari ba. Tun a 1985 wasu masana biyu, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, suka wallafa littafi mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama, inda suka nuna yadda aka saba wa bakinmu da abin da gonarmu ba ta iya wadatar da mu da shi. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, amma ba a je ko'ina ba aka janye dokar a farkon shekarun 1990, domin baki ya riga ya saba. Mu Zamfarawa ma mun fi kowa sanin tsadar wannan buri. Madatsar ruwa ta Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, an gina ta ne domin noman rani na irin su alkama da shinkafa, aka karɓe gonakin mutane, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyarsu, rayuka da dama suka salwanta. Bayan duk wannan, har yau jiragen ruwa ne ke kawo mana alkama. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, farashin alkama ya yi tashin gwauron zabo a duniya, mai shayi a Kaura ya ƙara kuɗin burodi saboda faɗan da bai san dalilinsa ba. Wannan shi ne zamanin da ake so mu yi wa rawa?

Wani zai ce, ai gurasar Kano da na yaba ita ma alkama ce. Haka ne, kuma ba na faɗa da alkama, domin Bahaushe ya daɗe yana noma ta kaɗan-kaɗan a fadama yana yin alkaki da taliya 'yar murji. Abin da na yaba wa Kanawa shi ne riƙon da suka yi wa nasu. Mu kuwa namu ya fi nasu sauƙi, domin dawa ba ta bukatar madatsar ruwa, ba ta bukatar sanyin hunturu, tana jure ƙarancin ruwan sama, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noma ta a duniya baki ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta keɓe shekarar 2023 domin tunatar da duniya darajar gero da dawa da danginsu. Wato a daidai lokacin da masana na ƙetare ke cewa a koma ga dawa, mu masu ita muna gudun ta. Bahaushe dai ya ce zanen aro ba ya rufe katara, ya kuma ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Da a lokacin zaman lafiya muke, da sai in ce wannan magana tana iya jira. Amma kowa ya san halin da ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Kaura suka shiga shekara da shekaru saboda 'yan bindiga. Ƙauyuka sun tashi, gonaki sun koma daji, a wasu wuraren sai manomi ya biya kuɗi kafin a bar shi ya shuka ko ya girbe abin da ya noma. A 2021 har sai da gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya na tsawon lokaci. Duk ranar da kasuwa ba ta ci ba, mai hoce ba ta sayar ba. Duk ƙauyen da ya tashi, tsofaffin matan da suka san sirrin kwaɓi da gashi sun watse, wasu suna Kaura, wasu suna Gusau, suna raɓe a gidajen dangi ko kangon gini. Sana'ar hannu ba a littafi take ba, a hannun uwa take, daga nan ta wuce hannun ɗiya. In aka yi shekara goma yarinya ba ta ga uwarta ta ɗora tukunyar hoce ba, to igiyar ta tsinke. Saboda haka rumfar hoce a cikin gari yau hanyar cin abinci ce ga matan da suka rasa gonakinsu, kasuwa ce ga manomin da ya yi kasadar noma dawa, kuma makaranta ce ga 'yan matan da ke tasowa a gudun hijira.

Yanzu bari in juyo gida, in taɓa mu ɗaliban Hausa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk shekara in an zo bikin Makon Hausa, sai a shimfiɗa tabarma a jera ƙwarya da akushi da faifai, a ɗora hoce da dambu da ɗanwake, a rubuta sunayensu a 'yar takarda kamar kayan gidan tarihi. Manyan baƙi su zagaya, su yi murmushi, a ɗauki hoto. Da an gama jawabi kuma sai a shige da su ɗaki a buɗe musu kulolin soyayyiyar shinkafa da kaji. Wannan wace irin girmamawa ce? Abincin da ake nunawa ba a ci, an riga an yi masa jana'iza. Haka nan in ka duba kundayen digiri da ake rubutawa a sassanmu, za ka tarar da nazari a kan nazari game da waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, kuma sun cancanta, Allah ya jiƙan magabata. Amma su waɗannan makaɗa da me suka rayu? Kalmomin da ke tattare da surfe da niƙa da kwaɓi da gashi, da sunayen ire-iren dawa, da waƙoƙin da mata ke yi a bakin turmi da dutsen niƙa, da salon cinikin rumfa, duk harshe ne, duk adabi ne, kuma suna ɓacewa da mutuwar kowace tsohuwa. Bature Bargery ya bar ƙasarsa ya yi shekaru yana bin garuruwan Hausa yana tattara kalmomi har ya fitar da ƙamusunsa a 1934. Mu da aka haifa a cikin abin, kuɗin mota zuwa gida kawai zai ci mana, amma mun fi son mu zauna a laburare mu kwafi abin da wani ya kwafa.

Ban kuma manta da masu tsokana ba. Barkwanci al'adarmu ce, Bakano da Bazazzagi suna yi, Bagobiri da Bayarabe suna yi, ba wanda ya taɓa mutuwa saboda shi. In abokinka ya kira ka ɗan hoce, amsa masa da fara'a, ka kuma gayyace shi ya wanke hannu. Tsokana ba ta kashe al'ada. Abin da ke kashe ta shi ne mai ita ya yarda a zuciyarsa cewa abin dariya ce.

Don kada a ce na yi ta faɗa ban kawo mafita ba, ga abin da nake kira a yi. Na farko, ƙananan hukumomin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su keɓe wuri a bakin tasha ko kasuwa, su gina rumfuna masu rufi da ruwa da benci, su ba mata masu hoce da fura da tuwo a kan haya mai sauƙi, tare da fifita waɗanda rikici ya raba da ƙauyukansu. Kuɗin wannan aiki bai kai na motar shugaban ƙaramar hukuma guda ba. Na biyu, attajiranmu da ke gina gidajen mai da otal-otal, ɗaya daga cikinsu ya yi ta maza ya buɗe gidan abinci mai tsafta a Kaura, ya rubuta HOCE da manyan baƙaƙe a ƙofa, yadda duk matafiyin da ya fito daga Gusau zai san inda zai tsaya. Na uku, ƙungiyarmu ta yanke shawara cewa daga bana abin da aka nuna a tabarma shi za a ci a babban tebur, daga shugaban taro har ɗan aji ɗaya. Na huɗu, ina roƙon malamanmu su ƙarfafa wa ɗalibai guiwa su ɗauki abinci da sana'o'in mata a matsayin batun kundi, kuma kowane ɗalibi daga yankinmu in ya je hutu ya zauna da kakarsa da alƙalami da takarda ko na'urar ɗaukar magana, ya rubuto yadda ake yi a garinsu, mu tara a buga a wannan mujalla.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana 'yan bokon Zamfara, mu daina rantsuwar da ba a tambaye mu ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda yake ganin na yi kuskure, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ya ɗauko alƙalami ya mayar mini da martani a fitowa ta gaba, amma da sharaɗin ya fara gaya mana da kuɗin me aka saya masa allo da littafin farko. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya mayar da manoma gonakinsu, ya sa albarka a dawarmu. Amin. Wassalam.